Libarbar "Bama" ko lambobin tsohon soja: wanne ya cancanci kuɗinka?

Ƙanena mutum ne mai son tsofaffin kaya. Tun yana sakandare yake tara anini da kwabo mai huji da sulallan zamanin Turawa, har yau kuma yana da akwati guda na tsofaffin takardun haraji da kan sarki. A watan jiya ya same ni a gida nan Runjin Sambo, cikin garin Sakkwato, bayan la'asar, ya miƙo mini waya ya ce, "Yaya, duba mini wagga." Hotuna uku ne na wata ƙaramar bindiga, irin mai juya harsashi da tsofaffi ke kira libarba, an ɗora ta a kan tabarma. Wani dillali ne ya turo masa, haɗe da saƙon murya: "Wagga ta Bama ta, kakan mai ita yaz zo da ita." Ƙasar Bama yake nufi, wato Myanmar ta yau, inda sojojinmu suka yi yaƙin duniya na biyu. A cikin makon kuma, mutanen wani gida a cikin gari sun nuna masa lambobin yaƙi huɗu na kakansu da takardar sallamarsa daga soja, suna son sayarwa saboda hidimar asibiti ta taso musu. Abin da ke aljihunsa ba zai ɗauki duka biyun ba, kuma na ga zuciyarsa ta fi karkata ga bindigar.

Ban ga laifinsa ba. Ƙarfe mai nauyi a hannu yana da kwarjinin da ƙyalle da tagulla ba su da shi. Amma mai tara kayan tarihi labari yake saya, ƙarfen shaida ne kawai, don haka a kan wannan ma'aunin na ɗora masa su biyun.

Magana ta farko ita ce doka, domin ita kaɗai ta isa ta rufe cinikin. Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959 kuma take aiki har yanzu, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai bindigar toka da danginta, masu ɗuri ta baki, waɗanda lasisinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Akwai bindigogin farauta na zamani, lasisinsu na hannun Sufeto Janar. Sai rukunin da aka haramta, wanda ba mai mallakarsa sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma a nan fistol da libarba suke, jere ɗaya da bindigogin soja. Tsufa ba ya fitar da ita daga wannan rukuni. Hukuncin mallakar irinta ba lasisi ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne. Dillali zai ce maka ai ta daina aiki, ko an cire mata wani abu. Dokar ta lissafa sassan bindiga a matsayin bindiga. Kuma a jihar da ake fama da 'yan bindiga a Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, sojan da ya buɗe jakarka a shingen bincike ba zai tsaya karanta shekarar da aka ƙera ta ba.

Abin da ke ruɗa samarinmu shi ne bidiyoyin da suke kallo a YouTube. Ba'amurke ya baje fistol goma a kan tebur yana kwatanta su, sai a ɗauka ko'ina haka abin yake. A Amurka akwai lasisi na musamman ga masu tara bindigogin da suka haura shekara 50. Mu ba mu da wannan ƙofar. Lambobin yaƙi kuwa ba sa neman lasisin kowa: ka rataya su a falo, ka kai su makarantar yaranka a nuna wa ɗalibai.

Ƙanena ya ce, "To, Yaya, a ajiye doka a gefe, ta gaske ta ko jabu ta?" Tambayar ta cancanci amsa, domin akwai gidajen da suka gaji irin wannan abu a ƙarƙashin gado, suna bukatar su san me suke riƙe da shi kafin su miƙa wa hukuma ko gidan tarihi.

A fara da labarin da ya rako ta. Sojojinmu sun yi yaƙin Hitila a wurare biyu manya. Na farko gabashin Afirka, inda suka kara da Italiyawa: suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka bi su da gudu har Harar cikin ƙasar Habasha a watan Maris. Na biyu Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda aka kafa a 1943, suka fafata da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka kama Myohaung a Janairun 1945. Shi ya sa barikokinmu ke ɗauke da sunaye irin su Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Chindit a Zariya, Mogadishu a Abuja. To amma wa ke rataya libarba a waccan runduna? Hafsoshi, waɗanda kusan dukansu Turawa ne, sai wasu masu aiki na musamman. Farabiti ɗan Sakkwato ko ɗan Gwandu doguwar bindiga Lee-Enfield yake saɓawa, da adda a ƙugu. Da yawa ma cikin waɗanda suka je Kaladan 'yan dako ne, su ne suka ɗauki abinci da harsashi a ka suka ratsa dazuzzukan da mota ba ta shiga, ba su riƙe bindiga ba. Kuma ranar sallama makami ake karɓewa, a ba mutum takarda. Ba a ce ba wanda ya taɓa ɓoyo wani abu a cikin kayansa ba, amma wanda ya zo da wannan labari shi ne ke da nauyin kawo shaida.

Shaidar kuwa a jikin ƙarfen take, kuma kowace ƙasa da irin rubutunta.

Ta cikin hoton ƙanena ƙirar Ingila ce, irin wadda ake karyawa ta sama ta buɗe kamar almakashi, mai cin harsashi shida. Iri biyu ne suka fi yawa a lokacin yaƙin: Enfield No. 2, wadda sojan Ingila ya ɗauka a 1932, da Webley Mk IV ta kamfanin Webley & Scott na Birmingham. Sun yi kama ƙwarai, har masu sayarwa kan kira kowacce Webley. Enfield tana da shekarar ƙira a gefen dama tare da kambi, kuma daga 1938 aka riƙa yin wadda aka datse wa ɗan kunnen da ake ja da babban yatsa. Webley ɗin da aka yi cikin yaƙi sau da yawa za ka ga an buga mata WAR FINISH, wato kamfanin na sanar da cewa gaggawa ce ta sa ba a goge ta ta yi sheƙi ba. Saboda haka rashin sheƙi a jikinta ba aibi ba ne. Sheƙin ne ma abin tuhuma. Sai wata 'yar alama mai kama da sawun kaza, kibiya mai layi uku. Ma'anarta kayan gwamnatin Ingila. Idan gwamnati ta sayar da makami ta hanyar da ta dace, akan buga kibiya biyu suna fuskantar juna baki da baki.

Ga abin da ya fi damuna da irin wannan ƙira. An ci gaba da yin Enfield har bayan yaƙi, cikin shekarun 1950, kuma libarbar Ingila ta daɗe a hannun 'yan sanda da sojojin ƙasar nan har bayan 'yancin kai. Don haka idan ka ga ɗaya a Sakkwato, abin da ya fi kusa da hankali shi ne daga rumbun makaman hukuma ta sulale, ba daga Bama ba. Ka ga ke nan ko da ta gaske ce, gaskiyarta ba ta taimake ka ba: kayan gwamnati ne da ya ɓace, kuma Allah kaɗai ya san hannayen da ta bi da abin da aka aikata da ita kafin ta iso kan tabarmar nan.

Da a ce Beretta ta Italiya aka turo masa, ƙirar 1934, labarin zai fi tsayuwa da ƙafarsa, domin ita ce fistol ɗin hafsoshin Italiya, kuma ganima ce da aka tsinta a fagen da mutanenmu suka taka. Tana da sauƙin bincike. A jikinta akwai shekara iri biyu: ta miladiyya, da ta mulkin Mussolini a lambobin Romawa, wadda ake ƙirgawa daga Oktoban 1922. Shekarar 1941 takan zo da XIX, sai ƙarshenta da XX. Idan lambobin biyu ba su dace ba, hannu ya taɓa. Ta soja tana da haruffan RE a ƙarƙashin kambi. Kuma tunda yaƙin Habasha ya ƙare a Gondar a Nuwamban 1941, Berettar da ke ɗauke da 1942 ko 1943 ba ta je can ba, kome daɗin bakin mai sayarwa.

Ta Japanawa, Nambu ƙira ta 14, ita ce ganimar Bama ta haƙiƙa. Kwanan watanta yana gefen dama da lissafin sarautar sarkinsu Hirohito: ka ƙara 1925 a kan lambar farko. Idan ka ga 18.5, watan Mayun 1943 ke nan. Lissafin ba zai wuce 20.8 ba, watan da Japan ta miƙa wuya.

Luger ta Jamus kuwa, mai gwiwar nan da ke tashi sama in an harba, ita kowa ke nema, ita kuma aka fi yi wa ƙarya. Rundunoninmu ba su yi yaƙi a Turai ba a yaƙin duniya na biyu, don haka Luger mai alamar masana'antar Mauser ta shekarun yaƙin, irin su 42 ko byf, da wuya a haɗa ta da tsohon sojan Sakkwato. Inda muka yi gaba da gaba da Jamusawa sosai yaƙin farko ne, a Kamaru, inda Garwa ta faɗi a 1915, Mora ta miƙa wuya a Fabrairun 1916, sai kuma gabashin Afirka. A jikin Luger ana buga lambobi biyu na ƙarshen lambar bindigar a kan kusan kowane ɗan ƙaramin sashe. Ɗaya ya saɓa, an yi mata haɗe-haɗe, darajarta a wurin masana ta faɗi.

Wannan na dacewar lambobi ya shafi dukansu. Haka ma maganar gyara. Mu a nan mun saba in za a sayar da abu sai a wanke shi ya yi fes, amma a kayan tarihi wankin ne ɓarnar. Bindigar da aka goge da takardar yashi aka sake yi mata baƙi, bakin haruffanta kan dushe, kusurwoyinta su yi laushi kamar sabulun da ya sha ruwa. Harsasan wancan zamani suna barin gishirin da ke cin cikin bututu idan ba a wanke ba, shekara tamanin kuma ba kwana tamanin ba ce, don haka gwada harba irinta neman rasa yatsu ne. Ga kuma jabu. Maƙeran yankin Khyber, tsakanin Fakistan da Afganistan, sun shahara da kwaikwayon Webley da Enfield har da tambarinsu, sai dai sukan yi kuskuren harafi ko su juya shi baibai. Namu maƙeran na gida ma ba a bar su a baya ba wajen ƙira.

Na ce wa ƙanena ya dubi hotunan da kyau. Duka ukun daga nesa aka ɗauka, kuma gefen hagu kaɗai. Ba shekara, ba lamba, ba tambari. Dillalin kuma har ya fara neman kafin alƙalami. Cinikin biri a sama ke nan.

Yanzu a zo ga lambobin, waɗanda tsofaffi ke kira minda. Da muka je gidan, wani dattijo, ɗan marigayin, ya fito da su daga cikin gwangwanin alawa, an naɗe a tsohon ƙyalle. Biyu taurari ne masu tsini shida, launin tagulla, da kambi da tambarin Sarki Joji na shida a tsakiya: ɗaya ta 1939 zuwa 1945, ɗaya tauraruwar Bama. Ƙyallen ta Bama ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Sauran biyun masu zagaye ne, farare. Wanda ya yi Habasha za ka gan shi da tauraruwar Afirka, mai ƙyalle launin yashi da ja a tsakiya. Zaman bariki a Afirka ta Yamma bai isa a ba mutum ita ba, don haka ita kanta tana gaya maka inda mai ita ya je.

Su ma suna da rauninsu, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ingila ta raba lambobin yaƙin duniya na biyu ba tare da ta buga sunan mai su ba, kuma an yi su da yawa ƙwarai. Tauraruwar Bama ita kaɗai, ba takarda, ba ta da tsada a kasuwar duniya, kuma ba ta da bakin da za ta faɗi sunan wanda ya sha wuyarta. Akwai na kwaikwayo ma, waɗanda aka narka ƙarfe aka zuba a mazubi: fuskarsu takan yi ƙuraje-ƙuraje, haruffan su cuɗe. Sabon ƙyalle kuwa ba laifi ba ne, tsofaffin sojoji kan sauya shi in ya tsufa. Wanda ke neman abin da zai saya ya ajiye don riba, lambobin nan ba za su yi masa ba.

Abin da ya ɗaga na wannan gida shi ne takardar. Tana ɗauke da lambar soja mai farawa da NA, da sunan mutumin, da rundunarsa, da ranar shiga da ranar sallama. A wancan zamani akan rubuta soja da sunansa haɗe da na garinsu, wane Sokoto, wane Argungu, wane Gusau, shi ya sa lambar ta fi sunan muhimmanci wajen bincike. Takardar ta ce ya je Bama, tauraruwar ta ce Bama, ɗansa mai shekara saba'in da ɗoriya ya ce yana tuna mahaifinsa na ba da labarin ruwan sama da matsattsaku da abincin da jirgi ke jefo musu daga sama. Baki uku, magana ɗaya. Wannan shi ne abin da libarbar ta rasa. Waɗanda ba su dawo ba ma ana iya bin sawunsu: hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da rumbun sunaye a intanet, kuma sunayen 'yan Afirka ta Yamma na rubuce a jikin ginin tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun.

Idan Allah ya haɗa ka da lambobin da suka girmi waɗannan, lamarin ya fi sauƙi, domin na yaƙin farko suna da lamba da muƙami da suna da runduna a buge a jikinsu. Akwai kuma wata ta azurfa da aka ƙirƙiro a 1902 don yaƙe-yaƙen Afirka, mai 'yan sanduna a saman ƙyalle. Mai rubutun N. Nigeria 1903 ta yaƙin cin Kano da Sakkwato ce, wanda ya kai ga karon Giginya ranar 15 ga Maris da shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Mai 1906 ta shafi Satiru da Haɗejiya. Na taɓa riƙe hoton irinta na daɗe ina kallo, zuciyata ba daɗi: lada ce da aka ba wani saboda abin da aka yi wa kakanninmu a bayan garin nan. Duk da haka gara tana Sakkwato a inda yaranmu za su gan ta su yi tambaya, da a ce tana cikin akwatin wani a Landan.

Ƙanena ya sako maganar takobi, ya ce shi ai namu ne, ba ruwansa da dokar bindiga. Haka ne, amma yana da tasa. Dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta sa aikin hannun gida da aka yi kafin 1918, har da makamai, cikin kayan tarihin da ba a saye ko sayarwa sai ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi, ba a kuma fita da su waje sai da izini. Takobin da aka ce ya ga Giginya, in gaskiya ne, ya shiga wannan layi. Wanda ke son na ado, da kube da hamila, ya nufi Maƙera Assada ya sa a yi masa sabo, ya san maƙerinsa, ya san shekararsa.

Wanda kuma ya gaji bindiga irin wannan a gida, kada ya saka ta a jaka ya kama hanya, kada ya ɗora hotonta a Facebook yana tambayar farashi. Ya samu lauya ko hakimin unguwa su sanar da 'yan sanda a rubuce, hukuma ta zo ta ɗauka, ya karɓi takardar shaida. Idan yana da hujjar tarihinta, ya haɗa da roƙon a ajiye ta a gidan tarihi da sunan kakansa. Nan cikin gari muna da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, ƙasa kuma tana da gidan tarihin yaƙi a Umuahia.

Ƙanena ya goge lambar dillalin a gabana. Lambobin kuwa sai da muka yi 'yar muhawara, domin ni raina bai so a raba gida da abin kakansu saboda lalura ba. Na ce, "Baba, in da hali ku riƙe abinku, mu ga abin da za a iya yi na asibitin." Dattijon ya ce yaran ba su damu da su ba, yana tsoron ranar da ba ya nan a sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Sai aka tsaya a kan haka: ƙanena ya biya, aka rubuta yarjejeniya da shaidu biyu cewa duk ranar da wani daga zuriyar ya zo da kuɗin, za a mayar masa. Ya ɗauki muryar dattijon a waya kusan awa guda yana ba da labarin mahaifinsa, ya yi wa takardar sallamar hoto ya buga musu kwafi biyu. Ainihin takardar yanzu tana cikin leda marar manne, nesa da rana da gara, lambobin kuma ba a goge su da komai ba. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ya yi alkawarin zai ɗauko dattijon a mota su je filin taro tare da su.